Sunan da Ke Kan Katin

Ranar sunan ɗanki na biyu, Nana, ina kicin ina kwashe tuwo na jiyo ki a falo kina ba ƙawarki labari da Turancinki na Manchester, wai Mama da Anti Turai sun fi shekara goma ba sa ga maciji saboda kwat. Kuka kwashe da dariya. Ban fito ba, don da na fito a lokacin da muciya a hannuna, da taron sunan ya watse. Tun ranar na ci alwashin sai na rubuta wannan babin da hannuna, ke da Sadiq da Ummi ku karanta, ku daina yawo da ni a bakin mutane a matsayin matar da ta yanke zumunci kan rigar sanyi. Kwat yana cikin labarin, ban musa ba. Amma ku saurari sauran.

Zan fara da alherinta, kada ku ce fushi ya rufe min ido. Turai ba 'yar uwarmu ta jini ba ce. 'Yar unguwar su babanku ce a Kano, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ta riga mu zuwa Ingila da daɗewa. Ita ta tare mu a filin jirgi da rigunan sanyi a leda lokacin da babanku ya zo karatun digirinsa na uku. Ita ta koya min hawa bas a Wilmslow Road, ta nuna min inda ake samun naman halal da kuɓewa da manja. Da na haifi Ummi a ɗan ƙaramin gidanmu na Rusholme, kwana arba'in tana zuwa, ta dama min kunun kanwa, ta yi ta tafasa ruwa a butar lantarki har ya isa ta yi min wankan jego a bahon Bature. Yaya nake ce mata. Ku kuna cewa Anti, sauran mata suna cewa Maman Khalifa. Ko Turai ɗin ma a bakin babanku na tsince shi, ban taɓa furta shi a gabanta ba. Ban taɓa tunanin ko tana da wani sunan ba, balle in tambaya. Wa ke tambayar babba sunansa?

Ita ce kuma ta ƙirƙiro adashin maki. Akwai wani babban kanti mai hawa huɗu a tsakiyar gari, ba zan kama sunansa ba, da ke ba da katin lada: duk abin da ka saya a zuba maka maki, bayan wata uku makin ya zama kuɗin sayayya a kan katin. Kuɗi ne a cikin kantin kawai, a waje ko alawa ba zai saya maka ba. Idan mace ɗaya ce ke tarawa, sai ta shekara ba ta tara na safa ba. Sai Turai ta ce mu haɗa kai. Ta yi rajistar kati ɗaya, aka ba ta babba da ƙanana biyu irin na maƙalawa jikin makulli, muka riƙa zagayawa da su mu shida. Mai sayen takalmin makaranta, mai sayen tsarabar zuwa gida, mai sayen kayan lefen ƙaninta, duk a kan katin nan ɗaya. Duk wata uku mai kwasa ta karɓi babban katin ta je ta zaɓi abin da ranta ke so. Muna ganin mun fi Bature wayo, muna dariya. Ko da mijin Turai ya rasu ta koma Birmingham kusa da inda Khalifa ke karatu, katin ta bar mana a Manchester, adashi bai tsaya ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da komai ya tsuke. Gwamnati ta ce za ta tsuke bakin aljihu, kuma a wuyan irinmu aka fara ɗaure igiyar. Gidan kula da tsofaffin da nake aiki ya rage min awanni, wai kansil, wato ƙaramar hukuma, ta rage abin da take ba su. Ƙaramin laburaren da kuke zuwa yin aikin gida bayan makaranta ya koma buɗewa rabin mako. Daga gida kuma tallafin karatun babanku ya tsaya cak, kullum sai a ce takarda tana kan tebur. Muka bar Rusholme muka koma Gorton, gidan jere mai bangon da ke zufa da sanyi, da mitar gas da sai an zuba mata kuɗi take ba da wuta. A cikin wannan hali kwasata ta zo. Babanku ya ce min:

"Asabe, wannan karon kada ki sayo wa kowa komai. Shekara nawa kina fita aikin asuba da wannan 'yar jaket? Ki sayi naki."

Na sayi nawa. Kwat dogo mai kauri, ruwan hanta, da manyan maɓallai da aljihu mai zurfi. Shi ne abu na farko da na saya wa kaina sabo fil a ƙasar nan. Ban ma cire masa takardar farashi ba, na rataye shi a bayan ƙofa ina jiran Juma'a in fara sa shi. Juma'ar ba ta zo ba sai da mitar gas ta yi ƙara ta ɗauke, Ummi tana tari, ga sauran kwana tara a biya ni albashi. Na dubi kwat, kwat ya dube ni. Na ce a raina, ai mai sauƙi ne, in mayar musu da kayansu su ba ni kuɗin in zuba wa mita. Ranar Alhamis bayan na kai ku makaranta na naɗe shi a ledarsa, na sa rasit da katin a jaka, na hau bas.

Wajen mayar da kaya yana hawa na uku, a can ƙurya bayan labule da zannuwan gado. Wata budurwa ce a kan kanta, mai fara'a, ba zan ɗora mata laifi ba. Ta duba kwat ta ga ba a sa ba, ta duba rasit, sai ta ce da Turanci:

"Wannan da ladan kati aka saya. Ba ma ba da tsabar kuɗi. Abin da aka saya da lada, kan katin da ya fito yake komawa."

Na ce ai kayanku ne na dawo muku da shi lafiya lau. Ta ce haka ƙa'idar take, tana ma rubuce a bayan rasit, ta juya ta nuna min wasu ƙananan haruffa da ko da tabarau sai ka yi da gaske. Na tsaya na yi tunani. Maman Zara, wadda ke bina a layin adashi, ta daɗe tana son injin markaɗe. In ladan ya koma kan katin, sai in bar mata ta kwasa, ita kuma ta ba ni abin zuba wa mita. Na ce to, a mayar. Na miƙa katin. Babu suna a jikinsa, lamba ce kawai. Ta goga shi a na'ura, ta dubi allonta, ta ce:

"Sai na tabbatar da mai katin. Sunanki?"

"Ba nawa ba ne, na yayata ne."

"Ba komai. Sunan yayar taki?"

"Turai."

Ta sake duban allon. Ta ce cikakken suna. Na haɗa da sunan marigayi mijinta na faɗa. Ta girgiza kai. Na ce Maman Khalifa, kamar wata sakarya, kamar na'urar Bature ta san Khalifa. Ta tambayi ranar haihuwarta, ban sani ba. Adireshinta, na san unguwar, na san ƙofa ce mai koren fenti, amma ban riƙe lambar ba. Fara'ar yarinyar nan ta riƙa janyewa a hankali. Ta ce:

"Kin ce 'yar uwarki ce, amma ba ki san sunanta ba?"

Ta ina zan fara? In ce mata a wurinmu wadda ta yi maka wankan jego ta wuce a tambaye ta suna? In ce yaya ba sai an sha nono ɗaya ba? Da wane Turancin? Bayana layi ya yi tsawo, wata tsohuwa tana huci. Aka kira manaja, wani dogo mai katin aiki a wuya. Ya duba allon ya ce abin mamaki, mai katin tana Birmingham, amma ana amfani da shi a Manchester kusan kullum, wani lokacin sau biyu cikin awa ɗaya. Ya ce in biyo shi. Mai gadi ya biyo bayana. Na ratsa hawa na uku gaba ɗaya tsakanin maza biyu, da hijabina, mutane suna kallo suna kawar da kai. Har yau in na tuna wannan tafiyar sai na ji zafi a bayan wuyana.

Ɗaki ne ƙarami marar taga, tebur ɗaya da waya. Ku fahimci abin da ke gabana a lokacin: takardar zamana a ƙasar nan a jikin ta babanku take, kuma saura wata huɗu mu nemi sabuntawa. In aka kira 'yan sanda aka rubuta sunana kan zargin katin sata, ban san me zai biyo baya ba, kuma ba na son in sani. Karatun babanku, makarantarku, duk suna kan teburin nan. Amma hankalina bai tashi sosai ba, don na san mafita. Na ce wa manajan lambar wayarta tana kan allonku, ku kira ta, magana ɗaya za ta yi a gama. Ya buga, ya sa a lasifika don in ji. Ta ɗauka. Muryar Yaya ce, wadda na sani kamar tafin hannuna. Ya gabatar da kansa, ya ce ga wata mata nan mai suna Asabe da katinki, ta ce ke yayarta ce, kin san ta? Sai ta ce:

"I don't know her."

Wai ba ta san ni ba. Ta ƙara da cewa katin ya daɗe da ɓacewa. Na zabura na matso bakin wayar na ce da Hausa:

"Yaya! Ni ce fa, Asabe! Yaya, ni ce!"

Ba ta kashe nan take ba. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ina jin numfashinta. Ta ji ni sarai, ta gane ni, ta tsaya tana numfashi a kunnena na tsawon abin da za a karanta Fatiha, sannan ta ajiye wayar.

Awa biyu na yi a ɗakin nan. Na kira babanku, ya baro laburaren jami'a a guje ya zo da fasfona da katinsa na ɗalibi, ya yi ta zuba musu Turancin masu digiri yana bayanin adashi, abin da ko a Hausa sai an zauna. A ƙarshe manajan ya ce ba zai kira 'yan sanda ba. Kwat an karɓa tunda an dawo da shi. Ladan ya koma asusun mai katin kamar yadda ƙa'ida ta ce. Wannan katin an soke shi, za a aika wa mai shi sabo a Birmingham. Ni kuma kada in sake taka kantin. Ku duba lissafin nan da kyau: na shiga da kwat da kati da mutuncina, na fito da 'yar jakata kawai. Ana yayyafi a waje, ina cikin tsohuwar jaket ɗin nan, muka tsaya jiran bas ɗin Gorton. Maman Zara ce ta zuba mana gas a ranar, Allah ya saka mata da alheri.

Babanku ya ce in bari zuciyata ta huce. Ban bari ba. Asabar da safe na hau doguwar mota zuwa Birmingham, ban kira ta ba, ban riƙe tsaraba ba, karon farko da na je gidan babba hannu rabbana. Ta buɗe ƙofa ta gan ni, ba ta ko yi mamaki ba. Ta ce in shigo, ta ɗora shayi, ta tambayi tarin Ummi. Na ƙi zama. Sai ta ɗauko wata takarda mai ruwan ƙasa daga ƙarƙashin sallaya ta ajiye a gabana. Daga kansil ce, za a sake duba tallafin hayar da ake ba ta.

"Ke ba ki san ƙasar nan ba, Asabe. Wata maƙwabciyata ta ce yanzu har katin kanti suna dubawa. Katin nan sayayyar gida shida ce a kansa, da sunana. In suka gani za su ce ina da kuɗi a ɓoye. Su karɓe gidan nan in koma ina? Ina jin an ce manaja, wallahi tsoro ya kama ni."

Ko gaskiya ne suna dubawa, ko surutun maƙwabta ne, har yau ban sani ba. Na yarda ta tsorata. Shekarun nan kowa a tsorace yake, ambulan mai ruwan ƙasa ta faɗo ta ramin ƙofa sai ka ji kamar an yi maka sallama da mugun labari. Da ta tsaya a nan, da ta ce Asabe na tsorata, ki yafe min, wallahi da na rungume ta mun yi kuka tare, da wannan babin bai samu ba. Amma Turai ba ta iya ba ƙaramin mutum haƙuri ba. Sai ta gyara zama ta ce:

"Kuma ai ba abin da ya faru, ba ga ki ba? In sabon katin ya zo sai ki dawo. Suna da reshe a nan. Ki je ki sake ɗaukar kwat ɗinki, nan ba su san fuskarki ba."

Nan ba su san fuskarki ba. Haka ake gaya wa ɓarauniya. Muryata ta fito a sanyaye, har ni kaina na yi mamaki. Na ce:

"Ba kwat na zo karɓa ba. Tambaya ɗaya na zo yi. Mene ne sunanki?"

Ta dube ni kamar na watsa mata ruwan zafi.

"Asabe, ni kike tambaya suna?"

"Ke. An tambaye ni a gaban mutane ban sani ba, aka mai da ni ɓarauniya. Ba za a sake ba. Sunan da ke kan katin nake so."

Ta faɗa. Hadizatu, da sunan mahaifinta, wanda ban taɓa ji ba. Na maimaita shi sau biyu a gabanta don ya zauna. Sannan na ce:

"Na gode, Hadizatu. Sai an jima."

Daga ranar ban sake ce mata Yaya ba, a gabanta ko a bayanta. Wannan ita ce shawarar da na yanke, kuma na biya kuɗinta da tsada. Kafin in iso Manchester labari ya riga ni: Asabe ta je har gida ta kira sunan Maman Khalifa gatsal. Babu wanda ya tsaya tambayar me aka yi wa Asabe. Abin da aka yi min a hawa na uku Turawa ne kawai suka gani, abin da na yi kuwa a Hausa na yi shi, kowa ya fahimta. Adashi ya watse, kuma ni aka ce na watsa. Matan da muka ci abinci kwano ɗaya suka riƙa gaishe ni sama-sama a masallaci. Sallah biyu ba a gayyace mu ko'ina ba. Kun tuna shekarar da muka ci naman layya mu biyar kawai a Gorton, Sadiq yana tambaya me ya sa ba za mu je wurin Yaya Khalifa ba? Wannan ne dalili. Babanku ma ya yi sati ba ya cin abincina da daɗin rai.

"Ko me ta yi, ta girme ki. Kalma ɗaya ce, Asabe. Ki ce Yaya a wuce wurin."

"Ita ma kalma ɗaya aka nema a bakinta," na ce masa.

Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Na san na raba ku da gidan da kuke so, kuma wannan ɓangaren yana damuna, ba zan ɓoye ba. Ku ba ta yi muku komai ba. Ku ci gaba da ce mata Anti, ku kai mata jikoki ta gani, in na riga ta tafiya ta zo gaisuwa ku shimfiɗa mata tabarma mai kyau ku ba ta abinci da nama. Fushina nawa ne, ban sa shi cikin abin da za ku gada ba.

Saura abu ɗaya da ba ku sani ba. Bayan shekaru, lokacin na gama karatun jinya na fara aiki a asibiti, Khalifa ya zo gidan nan da kansa, ya zama magidanci har da gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da takarda. Mahaifiyarsa ce ke neman zama 'yar ƙasa, kuma ana buƙatar mai aiki irin nawa ya sa hannu ya shaida ya san ta shekara da shekaru. Waɗanda take da su a Birmingham, wasu sun koma gida, wasu ba su cika sharaɗi ba. Ya ce ita ba ta san ya zo ba. Ƙarya yake, amma ƙaryar ɗa nagari ce, na bar shi da ita.

Kwana bakwai takardar nan tana kan firij. Kullum in wuce in harare ta. Shaiɗan ya ba ni shawarwari masu daɗi a satin nan, kuma na saurare su duka, har da murmushi. Ranar ta takwas na zauna na ɗauki biro. Inda aka ce sunan mai nema, ban ko duba takardunta ba, na rubuta shi cikakke daga kaina, harafi bayan harafi. Inda aka tambaya ko na san ta, na ce na san ta. Ban yi ƙarya ba. Duk Ingila babu wanda ya san ta kamar ni.

Bayan wata biyar wayata ta yi ƙara da rana tsaka, ina shanya a bayan gida. Lambar Birmingham. Na ɗauka.

"Asabe? Ni ce. Yayarki ce. Takarda ta fito."

Muryar ta tsufa, amma ita ce. Na tsaya da rigar Ummi a hannu tana ɗiga. Ban yi magana ba, na bar ta tana jin numfashina, tsawon abin da za a karanta Fatiha. Na san tana ƙirgawa, don ita ma ba ta manta ba. Sannan na ce:

"Na gane muryarki, Hadizatu. Ni ban taɓa cewa ban san ki ba. Allah ya sanya alheri. Ki gaida Khalifa."

Na jira ko za ta faɗi kalmar nan da na shekara goma ina jira. Ta ce amin, ta ce in gaida yara. Na ajiye wayar na ci gaba da shanyata.